Ina Aka Kwana? Yadda Ake Bibiyar Aikin Manhaja a Rukuni

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu furojet ɗin ƙarshe, kalmar da ta fi kayar da rukuni ita ce "saura ƙiris". Kowa zai faɗe ta har ranar kare furojet, sannan a tarar manhajar ko buɗewa ba ta yi, makin kowa ya tafi.

A 2001 masana 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, suka tsara hanyar aiki da ake kira Agile. Cikin ƙa'idojinsu, manhajar da ke aiki ita ce babban ma'aunin ci gaba. Ga abu uku da muke amfani da su a rukuninmu.

Na farko, allo mai gida uku: "Ba a fara ba", "Ana yi", "An gama". Asalinsa tsarin Kanban ne na kamfanin Toyota a Japan. Kowane aiki da katinsa da sunan mai shi, kuma kati ba ya shiga gidan ƙarshe sai wani ya gwada ya ga yana aiki.

Na biyu, taron kullum na minti 15, daga tsarin Scrum. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare shi. Shi ke nan, ban da dogon Turanci.

Na uku, lissafin ragowar aiki. A ce kuna da kati 40 a kwana 10, wato 4 kullum. Ran kwana na 5 ya kamata saura 20. In 30 suka rage, to ku gaya wa malamin da ke duba ku a ranar, a rage aikin tun da sauran lokaci.

Ni ɗan Kazage ne, kuma mu mutanen Birnin Gwari mun san intanet ba abin dogaro ba ne. A 2021 har layukan waya aka katse a yankinmu saboda matsalar tsaro. Don haka in za a tafi hutu, kowa ya kwafi allon a littafi, amsoshin nan uku kuma su zama gajeren saƙon tes.

Ran kai rahoto kuwa, ku buɗe manhajar a gaban malam ya danna da hannunsa. Gani ya kori ji.