DARASI: SHAMUWA, GAWO DA RANDAR BAKIN HANYA

Karatu: Irmiya 8:7, Matiyu 6:25-34, Matiyu 10:40-42



Duk wanda ya zauna a ƙasar Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa a shekarun nan, ya san yadda hirarmu ta sauya. A dā in mutum biyu suka gamu a hanya, bayan gaisuwa sai zancen ruwa da yabanya da farashin masara. Daga baya tambaya ta koma ɗaya: “Jiya ina suka shiga?” Ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako su. Ba mu manta da Fada Alphonsus Bello ba, wanda aka kashe a Malumfashi a watan Mayu 2021. A watan Satumba 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu ukun, uwa ta yi makonni ba ta ji muryar ɗanta ba.

Mai yiwuwa wani ya ce, “Fada, a cikin wannan hali ne za ka zo mana da zancen tsuntsu da itace?” I, a cikinsa ne. Ubangijinmu Yesu bai nuna wa ƙosassu tsuntsayen sama da furannin jeji ba. Talakawa ya nuna wa, masu damuwar abin da za su ci gobe, waɗanda sojan Roma ke mulkin ƙasarsu. Darasin nan namu ne.

1. Abin da tsoro yake yi wa ido

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan ba laifi ba ne, haka Allah ya yi mu domin mu tsira. Amma in tsoro ya daɗe a zuciya, yakan koya wa ido ganin abu ɗaya tak, wato haɗari. Ƙarar babur ta zama abin faɗuwar gaba. Baƙon da ya nemi ruwa a ƙofar gida a ce ɗan leƙen asiri ne. Bafulatanar da ta yi shekaru tana kawo mana nono a soma yi mata wani irin kallo, alhali ita ma an kore shanun mijinta.

Manoma sun san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙwayarsa kamar ƙura take don ƙanƙanta, tushe ɗaya yakan zubar da dubbai, tana kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Da saiwar dawa ko masara ta matso kusa, sai ta tsira ta manne mata tana tsotsa. Kafin manomi ya ga furenta a sarari, ta riga ta gama ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Haka zargi yake. ’Yan bindiga sun kwashe mana shanu da hatsi da ’yan’uwa, amma akwai wata sata da ba a lissafa ta, ita ce ta amana tsakanin maƙwabci da maƙwabci. In muka bari ta tafi, ko an ajiye bindigogi gobe, garuruwanmu ba za su koma yadda suke ba.

Maganin ƙuduji shi ne a cire shi kafin ya zubar da iri, a kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Maganin zargi yana farawa da sake koya wa ido ganin alherin Allah a inda yake. Bari mu ɗauki malamai biyu daga cikin halitta.

2. Shamuwa, wadda ta san lokacinta

Wajen watan Afrilu zuwa Mayu, zafi ya kai iyaka, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya yi ƙasa. Wata safiya sai ka ɗaga kai ka ga baƙar tsuntsuwa mai farin ciki a kan tsamiyar tsakiyar gari, da kara a bakinta. Yara su yi sowa, tsofaffi su ce a fito da iri. Shamuwa ta zo.

Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda ta fito. In damina ta ƙare a nan, shamuwa takan nufi gabas da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda daminarsu ke farawa daidai lokacin da tamu ke ƙarewa. Tafiyar dubban kilomita ce, ba taswira, ba guzuri. Amma a ƙasarmu take yin sheƙa, a nan take ƙyanƙyashe ’ya’yanta. Tana kuma biyan kuɗin masauki, domin fara da tsutsotsin da ke cin amfanin gona su ne abincinta. Shi ya sa kakanninmu ba su yarda yaro ya ɗaga mata danƙo ba.

Annabi Irmiya ya kafa hujja da tsuntsuwa irin wannan. Ya nuna wa mutanen Yahuza cewa tsuntsaye masu ƙaura suna kiyaye lokacin zuwansu, amma jama’ar Allah sun kasa kiyaye ka’idarsa. Ga abin lura a gare mu: a shekarar da aka kwashe yaran Ƙanƙara, shamuwa ta zo. A shekarar da aka katse waya ma ta zo. Babu shingen da ya tare ta, babu wanda ya sa mata haraji. Zuwanta shaida ce cewa mugunta ba ta karɓi mulkin duniya ba, har yanzu akwai Mai riƙe da lokatai a hannunsa. Wanda ya ɗaga kai ya gan ta, ya ce “Na gode, ya Uba,” ya yi addu’a cikakkiya.

3. Gawo, mai inuwar rani

Malami na biyu ya fi yawa in an nausa arewa, amma muna da shi a gonakinmu. Yawancin itatuwa sukan yi ganye da damina su kakkaɓe da rani. Gawo kuwa ya saɓa. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara kamar busasshe, in kaka ta yi, sauran itatuwa sun fara yaushi, shi kuma sai ya yi kore shar.

Ku dubi hikimar da ke ciki. Da yake ba shi da ganye da damina, ba ya tare wa gero da dawa rana. Ganyen da ya zubar yakan ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka ke bukata. A saiwarsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su sa a ƙasa, wato abin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. Saiwarsa tana nitsewa can ƙasa ta sha ruwan da shuka ba ta kaiwa gare shi, don haka ba ya ƙwace rabon kowa. Furensa yakan ciyar da ƙudan zuma bayan wasu furanni sun ƙare. Da tsakiyar rani kuma, lokacin da ciyawa ta ƙare, ’ya’yansa su ne abincin awaki da tumaki, inuwarsa ce mafakar makiyayi. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona kyau.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun gane darajar wannan bayan farin shekarun 1970 da 1980. Manoma suka daina sare ’yan tohon da ke fitowa da kansu a gona, suna zaɓen masu ƙarfi suna gyara su. Kowa a gonarsa, toho ɗaya bayan ɗaya. Masu bincike sun kiyasta cewa ta haka itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5, gawo kuwa yana cikin waɗanda suka fi yawa. Da yayyafi kogi kan cika.

Gawo hoton mai alheri ne na gaskiya. Lokacin da kowa ke da shi, ba ya neman a gan shi, yakan ja da baya ya bar wasu su sha rana. Ranar da sauran inuwoyi suka ɓace, a ranar ake samunsa. Abokan damina suna da yawa. Almasihu yana kiranmu mu zama abokan rani.

4. Randar bakin hanya

Ina yaro, kakata tana da randa a gindin ɗorawa a bakin hanyar kasuwa, da moɗa a kan murfinta. Kullum da sassafe sai ta sa mu cika ta kafin mu tafi makaranta. Wata rana na yi gunaguni na ce, “Kaka, ba ki ma san masu shan ruwan nan ba.” Ta ce, “Ɗan nan, ai shi ya sa nake cika ta.” Sai da na shiga makarantar horon firistoci na gane tsohuwar nan, wadda ba ta iya karatu ba, ta riga ni fahimtar Matiyu 10:42, inda Ubangiji ya yi alkawarin lada a kan abin da bai wuce moɗar ruwan sanyi ba.

Irin wannan alheri bai mutu a cikinmu ba, sai dai rediyo ba ta faɗarsa. Da ƙauyuka suka watse, da yawa daga waɗanda suka gudo zuwa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwa ba a sansani suka kwana ba. A zaurukan mutane suka sauka, da ɗakunan da aka kwashe kaya aka ba su. Mai tiya biyu ya raba ɗaya. Lokacin da aka katse waya, direbobin kasuwa da ’yan acaɓa sun zama masu kai saƙo, “Ka gaya wa Inna muna lafiya.” Maƙwabta Musulmi da Kirista sun yi wa juna gaisuwar rasuwa, sun ci gaba da ciyayya da Sallah da Kirsimati. Mata sun haɗa kwabo-kwabo sun kai wa mai jego wadda mijinta ke hannun ’yan daji. Akwai manoman da har yanzu suke barin gwauraye su yi kala a gonarsu bayan girbi, kamar yadda Littafin Firistoci 19:9-10 ya umarta, kamar yadda Rut ta yi a gonar Bo’aza.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa a buga a jarida. Amma su ne suka hana ƙasar nan rushewa. Tereza Mai Tsarki ta Yaro Yesu, wadda ta rasu a Faransa a 1897 tana da shekara 24, ba ta gina asibiti ba, ba ta je wa’azi wata ƙasa ba. Ta koyar da ƙaramar hanya, wato yin ƙananan abubuwa da babbar ƙauna: fara’a ga mai wuyar hali, haƙuri da mai ba ka haushi. A 1997 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin Malaman Ikilisiya. Paparoma Francis kuma, a wasiƙarsa ta 2015 a kan kula da halitta, Laudato Si’, ya kawo misalinta domin ya nuna cewa kula da ƙasa da kyautata wa maƙwabci reshe biyu ne na itace ɗaya. Idon da ya koyi ganin shamuwa shi ne zai ga yaron da ya zo Coci ba takalmi.

5. Kada a fahimce ni a baibai

Ban ce mu rufe ido ga zalunci ba. Wajibi ne mu ci gaba da neman hukuma ta tsare rayuka, mu faɗi gaskiya, mu nemi adalci domin waɗanda aka kashe. Ban kuma ce mu yi sakaci ba, gama Ubangiji da kansa ya ce mu haɗa wayo da tawali’u (Matiyu 10:16). Kana iya miƙa wa baƙo ruwa a waje ba tare da ka shigar da shi cikin gida ba. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne a fasa randar gaba ɗaya.

Ga mai makoki kuma, ba na cewa kallon tsuntsu zai share hawayenka. Yi kukanka, Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li’azaru. Amma ka tuna da annabi Iliya, wanda ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Allah ya fara da ba shi gurasa da tulun ruwa, daga baya ya yi masa magana, ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai cikin ’yar siririyar murya (1 Sarakuna 19). Sau da yawa ta ƙaramar ƙofa Allah yake shigowa. Wanda ya zuba ido ga babbar ƙofa kaɗai, zai iya cewa Allah bai zo ba, alhali ya zo da kwanon tuwo a hannun maƙwabciya.

Tambayoyi domin tattaunawa a Zumuntar Mata, ƙungiyar matasa da taron iyali

1. Wane alheri ne wani ya yi maka a lokacin wahala wanda har yau ba ka gode masa ba?
2. Wane kyakkyawan hali ne muka daina a unguwarmu saboda tsoro? Ta yaya za mu maido da shi cikin hikima?
3. Akwai wanda muke zargi don ƙabilarsa ko addininsa kawai, ba don abin da ya aikata ba?

Aikin wannan mako

Kowace yamma kafin addu’ar barci, kowa a gida, har da yara, ya faɗi abu ɗaya mai kyau da ya gani a halittar Allah, da alheri ɗaya da aka yi masa a ranar. Kowane gida ya ziyarci iyali ɗaya na waɗanda suka yi gudun hijira, ko da hannu biyu ne, gama zumunci a ƙafa yake. Mai gona kuma, in ya tarar da tohon gawo wajen sharar gona, ya bar shi ya girma.

Mu yi addu’a

Ya Allah Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, kai ne kake nuna wa shamuwa hanya, kake tufatar da gawo da rani. Ka buɗe idanunmu da tsoro ya rufe. Ka ta’azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda ke hannun mugaye, ka juyo da zukatan masu zubar da jini. Ka ba ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa salama mai ɗorewa, ka sa mu zama inuwa ga juna a ranar wahala. Mun roƙa ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.