Darasi Na 14: Kifayen Da Ke Zama Tare A Akwatin Gilashi

A birane wasu mutane suna ajiye kifi da ransa a akwatin gilashi don sha'awa. Kifayen kogunanmu ma har Ingila da Amurka ake kai su saboda haka. Amma ba kowane kifi ke zama da ɗan'uwansa ba. Wanda ya zuba su barkatai, wata rana zai tarar kifi ɗaya ya cinye masa kuɗinsa duka.

Kafin mu zaɓa, mu fara duba baki. Kifi yakan haɗiye duk wanda ya shiga bakinsa. Ɗan tarwaɗa yau bai wuce yatsa ba, amma kafin shekara ta zagayo ya kusa kamu, ya gama da maƙwabtansa da dare. Giwan ruwa kuwa kada ma mu soma, wani yakan fi mutum nauyi.

Akwai masu mugun hali. Talibambam yana gutsure wutsiyar 'yan'uwansa. Minjirya tana da lantarki a jiki. Karfasa ba ruwanta, sai lokacin ƙwai ta haƙa rami a yashi, ta hana kowa sakat.

To, wa za mu haɗa? Mu gwada kawara da ƙurungu masu girma ɗaya. Kawara tana yawo a sama, tana son jama'a, sai mu sa 6 ko fiye, mu rufe akwatin don takan yi tsalle. Ƙurungu yana ƙasa. Mu sa masa fasasshiyar tukunya ya ɓuya da rana. Wani irinsa a rigingine yake iyo, kada mu ce ya mutu.