Yadda Ake Raba Kura da Dila da Garke da Ruga

A ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa kura ta yi ƙaranci, amma dila da karnukan da suka koma daji suna nan, kuma makiyayin da ya yada zango kan hanyar kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, yana iya haɗuwa da kowannensu. Dukansu abu ɗaya ke kawo su: ƙanshin abinci. Wanda ya gane wannan ya yi rabin aikin.

Da farko ka san baƙon naka. Da sassafe, kafin dabbobi su tattake wurin, duba sawu. Na kura babba ne, na gaba ya fi na baya girma, kashinta kuma yakan yi fari idan ya bushe saboda ƙasusuwan da take taunewa. Dila kan haƙa ƙarƙashin shinge, kaji da 'yan raguna yake nema.

Sai ka kawar da abin da ke kiransu. Nan ne mutane suka fi sakaci. Akuya ta mutu, a ja mushen bayan gari a yar. Tunkiya ta haihu, a bar mahaifa a turke. Mahauci ya zubar da ƙashi da jini a juji. Wannan gayyata ce. A binne mushe a rami mai zurfi nesa da gidaje, a danne da ƙaya. Ko a Amurka, hukumar gandun dajin Yellowstone sai da ta rufe jujinta a 1970 don raba dabbar beyar da abincin mutane.

Bayan haka, gyara makwanci. Dannin kara ba ya tare kura. A kewaye garke da ƙayar magarya ko aduwa, mai kauri, a cusa ta har ƙasa, ƙofa kuma a toshe ta kamar sauran shingen. Ƙananan dabbobi su kwana a tsakiya, kaji a rufaffen akurki tun magariba. Fitilar sola mai walƙiya tana taimakawa. Wani yaron Masai a Kenya, Richard Turere, da irinta ya kori zakuna daga garken gidansu. Amma a riƙa sauya mata wuri, don dabba na saurin sabo.

Masu kwana a gona ko zango su wanke tukunya, su rataye guzuri nesa da shimfiɗa, yara su kwana tsakanin manya.

In ka yi kiciɓis da ɗaya daga cikin waɗannan dabbobin, kada ka ruga, kada ka juya baya. Ɗauki yaro, ɗaga sanda, haska tocila, yi ihu, ka ja da baya sannu a hankali.

Guba kuwa, a guje ta. Mushen da aka barbaɗa wa maganin ƙwari ungulu da karnukan gida yake kashewa, ga haɗari ga yara. A maimakon haka, a kai ƙara wajen mai unguwa ko dagaci, su sanar da ma'aikatan gandun daji.

Wanda aka ciza, ko aka yakusa, ya wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, ko da sai an je Gumel, a yi masa allurar haukan kare. Cutar in ta bayyana ba a cika tashi ba.