Darasin Kiwon Lafiya: Hoton Ƙirji Da Jinyar Mai Tarin Fuka

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duk wadda ta taɓa jinyar mai tarin fuka, wato tibi, ko miji ne, ko ɗa, ko mahaifi. Sau da yawa za ki ji mace na cewa, "Wallahi abin ya ɗaure min kai, wancan likita ya duba hoton ya ce tibi ne, wannan kuma ya ce a dakata." Daga nan sai zargi ya shigo, wata ma ta sa a ajiye magani. To, bari mu ga inda gizo ke saƙar.

Mene ne hoton ƙirji?

Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi a shekarar 1895. Abin da kike gani a hoton inuwa ce kawai. Ƙashi yakan fito fari, huhu mai cike da iska ya fito baƙi-baƙi. Idan cuta ta taɓa huhu sai wurin ya yi hazo. Tarin fuka ya fi son saman huhu. Wani lokaci yakan yi kogo, ko ya tara ruwa a gefen huhu, ko ya watsu ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gero. A jikin yara kuwa, galibi kaluluwar tsakiyar ƙirji ce ke kumbura.

Matsalar ita ce ba tibi kaɗai ke yin irin wannan inuwa ba. Ciwon nimoniya, da ciwon daji, da tsohon tabo duk suna iya kama da shi. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuma yana iya samun tibi amma hotonsa ya fito kamar lafiya lau.

Me ya sa likitoci ke saɓawa?

Ba sakaci ba ne koyaushe. Tun a 1947 aka gwada wasu ƙwararru biyar a Amurka, aka ba su hotuna iri ɗaya. Sun saɓa wa juna, har ma da aka sake ba su hotunan daga baya, sai ga mutum ya saɓa wa maganarsa ta farko. Shi ya sa aka tsara wa mai karatun hoto hanya guda wadda zai riƙa bi kullum:

1. Ya tabbatar da suna da kwanan wata, da alamar dama da hagu.
2. Ya duba ko hoton ya ɗauku da kyau: mutum ya tsaya daidai bai karkace ba? Ya ja numfashi sosai? Hasken bai yi yawa ko kaɗan ba?
3. Ya bi sassan ƙirji bi da bi: bututun iska, zuciya, huhu daga sama zuwa ƙasa yana gwama dama da hagu, sai kusurwoyin ƙasa, sai ƙasusuwa.
4. Ya gwada sabon hoto da tsoho.
5. Ya rubuta abin da ya gani, idan yana shakka ya nemi ido na biyu.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton 'yan shekara 15 zuwa sama a aikin binciken tibi. Amfaninta shi ne ba ta gajiya. Amma ita ma nuni take yi, ba ta yanke hukunci.

Hoto shaida ne, ba alƙali ba

Mukan ce gani ya kori ji, amma a nan gani kaɗai bai isa ba. Abin da ke tabbatar da cutar shi ne gwajin majina, musamman da na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cutar, ta kuma nuna ko ta bijire wa maganin rifamfisin. A Nijeriya gwajin majinar da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware. Maganin da aka saba bayarwa na wata 6 ne: wata 2 ana shan haɗin magani 4, wata 4 ana shan haɗin 2. Ga wanda aka ga cutar a majinarsa, ana sake gwaji a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6.

Don haka ki kiyaye abu biyu. Idan hoto ya washe a wata na 3, ba a warke ba tukuna. Barin magani a nan kan sa tarin ya dawo, wani lokaci ma da taurin kai, ya kuma kama yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da mara lafiya. Idan kuma an gama magani, majina ta fito ƙalau amma akwai sauran tabo a hoto, kada hankali ya tashi. Tabo na iya zama har abada, kamar dai shaidar ƙuna a fata.

Naki aikin, 'yar uwa

Ki adana duk hoton da aka yi da takardar bayaninsa a ambulan, nesa da rana da danshi, kada ki naɗe shi. Duk zuwa asibiti ki tafi da su, ko da asibitin daban ne. Tsohon hoto ne zai gaya wa likita ko inuwar sabuwa ce ko ta da can.

Idan ke za a yi wa hoton, ki cire sarƙa, da fil ɗin mayafi, da rigar mama mai ƙarfe, ki tattara dogon kitso sama, don duk suna fitowa su rikita karatu. Ki nemi rigar asibiti ki rufe jikinki, ba laifi kuma ki nemi wata mace ta tsaya tare da ke. In aka ce ki ja numfashi ki riƙe, ki ja har ƙarshe. Idan kina da juna biyu ki faɗa tun kafin a fara, ma'aikata sun san matakin da za su ɗauka.

In likitoci biyu suka saɓa, kada ki zaɓi maganar da ta fi miki daɗi. Ki tambaya cikin ladabi: "Likita, me gwajin majina ya nuna? An gwada da tsohon hoton?" Duk wanda kuma tari ya kai mako 2 bai sake shi ba, a kai shi gwaji ba tare da jinkiri ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.