Darasi: Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Gari Da Waya A Tafiyar Kwana Ɗaya Lokacin Hunturu



Wani abokina ya nuna mini hotunan Las Vegas, birnin gidajen caca na jihar Nevada a Amurka, ya ce wai sai da kyamarar miliyoyi ake ɗaukar irinsu. Na ce masa ba kyamara ce kaɗai ba. Birnin yana cikin hamada, zafinsa na bazara yana haura digiri 40, don haka masu hoto da yawa sun fi son zuwa lokacin sanyi, su yi kwana biyu ko uku, su tsara inda za su tsaya da kuma lokacin da za su danna. Mu nan Zamfara ba mu da gidan caca, shari'ar da aka ƙaddamar a 1999 ta hana, amma matsalar mai hoto iri ɗaya ce: lokaci kaɗan, sanyi, da hasken fitilu bayan faɗuwar rana. Mu kuma ga ƙarin hazo.

Na koyi wannan ne bayan na yi asara. Zuwana na farko Bakolori da niyyar hoto, na isa da azahar, na ɗauki hoto sama da ɗari, na dawo gida na tarar duk sun yi fari-fari kamar an zuba musu koko. Kuɗin mota ya tafi, ranar ta tafi. Ga abin da nake yi yanzu.

1. Tsara tafiyar bisa haske

A Disamba da Janairu rana tana fitowa gab da ƙarfe bakwai, ta faɗi tsakanin shida da kwata zuwa shida da rabi. Idan hazo ya yi kauri, tana ɓacewa tun kafin ta kai ƙasa. Saboda haka ka raba wurarenka:

Da safe, bakwai zuwa tara: madatsar ruwa ta Bakolori a ƙaramar hukumar Maradun, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato. A wannan lokacin hazon abokinka ne, yana shafe abin da ke nesa, kwalekwalen masunta ya fito shi kaɗai a kan ruwa.

Da hantsi: gonakin noman rani da magudanan ruwa wajen Bakura. Koren shuka yana fitowa sosai idan sama ta yi toka-toka.

Da la'asar zuwa magariba: cikin Talata Mafara. Idan ranar Talata ce, kasuwa tana ci, ba za ka rasa abin ɗauka ba.

Daga sha biyu zuwa uku ka huta. Hasken tsakar rana cikin hazo shi ne ya kashe mini hotuna.

2. Matsa kusa, ka rage sama

Ƙurar da ke cikin iska tana watsa haske, shi ya sa abin da ke nesa yake rasa launi. Gwargwadon nisan abu da kai, gwargwadon ƙurar da ke tsakaninku. Zuƙo hoto da yatsa ba ya magance wannan, ƙara lalata shi yake yi. Taka da ƙafarka ka matsa. Sannan ka rage sararin sama a cikin hoton, domin farar sama tana yaudarar waya ta duhunta fuskokin mutane. Taɓa allo a kan abin da kake so, ka gyara hasken da ɗan alamar ranar da ke fitowa.

3. Minti ashirin na magariba

Hotunan birane masu fitilu da kake sha'awa, da yawansu ba cikin tsakar dare ake ɗaukarsu ba. Ana ɗauka ne jim kaɗan bayan faɗuwar rana, lokacin da an kunna fitilu amma sama ba ta yi baƙi ba. A yankinmu wannan lokacin bai wuce minti ashirin zuwa ashirin da biyar ba, kuma lokacin sallah ne. Don haka zaɓi wuri kusa da masallaci tun da sauran rana: teburin mai shayi, wutar mai tsire, ko layin shagunan cajin waya. Ka ɗauki abin da za ka ɗauka a mintunan farko, ka bi jam'i.

Buɗe sashen Pro a kyamarar wayarka. Yawancin Tecno, Infinix da Samsung suna da shi. Idan taka ba ta da shi, gwada manhajar Open Camera, kyauta ce a Android. Saita kamar haka:

ISO: 100 zuwa 400. Idan ya haura 800, hoton yakan cika da ɗige-ɗige kamar tsaki.

Saurin ƙiftawa: 1/50 ko 1/100 idan akwai fitilun lantarki. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100, shi ke jawo baƙaƙen layukan da kake gani a hoto. A Amurka wutarsu 60 ce, shi ya sa darussan can suke cewa 1/60. Kada ka kwafa ido rufe. Idan janareta ne, gwada biyun ka gani.

Daidaita launi: cire shi daga na kai-tsaye, ka ja har farar riga ta fito fara.

Idan kana son fitilun babura su zama dogayen layuka, sa daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka jingina wayar a kan katanga ko benci, ka sa taima ta daƙiƙa biyu don kada hannunka ya girgiza ta.

4. Kula da wayar

Ƙurar hunturu tana da ɓarɓashin yashi. Hura gilashin kyamara tukuna, sannan ka goge da tsumma mai laushi, ba da bakin riga ba. Ajiye wayar cikin leda idan kana kan babur. Tafi da fawa banki, kuma ka bar wuri a ma'adana, domin hoton RAW ɗaya yana iya cin megabait 20 ko fiye. Amfaninsa shi ne, a Snapseed ko Lightroom za ka iya dawo da launin da hazo ya cinye.

5. Abin da ya fi hoton muhimmanci

Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Tambayi mutanen gari kafin ka fita zuwa gonaki ko bakin dam, kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada neman hoton magariba ya sa ka hau hanya da dare. Ka kwana inda magariba ta same ka. Kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro. Nemi izinin ma'aikata a madatsar ruwa, ka nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta fito, musamman mata da yara.

A matsayina na mai rubuta manhaja, ga abin da mutane ba sa lura da shi. Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: irin wayar, rana, lokaci, har da ainihin wurin da ka tsaya idan GPS yana kunne. Idan ka tura hoto a WhatsApp a matsayin hoto, ana cire wannan bayanin. Idan ka tura shi a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu, bayanin yana tafiya tare da shi. Hoton garken shanun kawunka zai iya nuna wa baƙo inda garken yake kwana. Shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri kafin ka bar gida, kuma kada ka wallafa hoto sai ka bar wurin.

Aikin gida: yau da magariba, ka ɗauki hoton wuri ɗaya sau uku a ƙofar gidanku, da 1/50, da 1/100, da daƙiƙa ɗaya, ka kwatanta su. Wanda ya gwada a gida ba zai ɓata ranar tafiyarsa yana laluben saiti ba.

A darasi na gaba za mu duba yadda ake gyara hoton hazo a Snapseed. Allah Ya kai mu lafiya, Ya ba mu zaman lafiya.