Inabin da Ya Yamutse

Karatu: Yohanna 2:1-11

A Kana uban biki ya ɗanɗana ruwan inabi mafi kyau bai san inda ya fito ba. Barorin da suka ɗebo ruwa su suka sani. Mai ɗanɗano ba kasafai yake ganin hanyar da zaƙi ya biyo ba.

A yankin Sotern, kusa da Bordo a Faransa, hazon safiya yakan sa wata fumfuna ta kama 'ya'yan inabi. Sai su yamutse kamar ruɓaɓɓu, baƙo ya ce a zubar. Ashe ruwa ne ke fita, zaƙi na taruwa. Masu girbi sukan zaga gonar sau da yawa suna tsinka ɗaya-ɗaya. Ruwan inabin da ake samu yana ƙanshin zuma, yakan yi shekara 50 a kwalba bai lalace ba.

Ba sha nake kiranka ba, Afisawa 5:18 tana nan daram. Tambayarka nake: jinyar nan, ko rashin aikin da ya yamutsa ka, ka riga ka ce ruɓa ce? Sake karanta aya 7. Sa'ad da barorin ke cika randunan, ruwa kawai suke gani.