Daga Kafireto Zuwa Injekta: Sabunta Injin Tsohuwar Landiroba

Kafin kwalta ta yawaita a yammacin Jihar Kano, Landiroba ce motar da aka sani da jure burji da yashi, irin hanyoyin da ke ratsa ƙauyukan Gwarzo da Kabo. An fara ƙera ta a Ingila a 1948, kuma daga 1958 aka riƙa sa mata injin fetur mai silinda huɗu, mai girman lita 2.25. Inji ne mai juriya, sai dai akwai shi da shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan aibi ya isa ya sa mai mota ya jingine ta. Wata mafita ita ce a cire kafireto, a sa injekta wadda kwamfuta ke sarrafawa.

Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya yana bukatar kilo 14.7 na iska. Wato lita ɗaya ta fetur tana cin iska kimanin lita 9,000. Idan mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da dauɗar fulogi. Idan ya yi kaɗan, inji ya yi zafi ya rasa ƙarfi. Kafireto kuwa ba ya auna iska. Iskar ce ke bi ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, gudunta ya zuƙo fetur ta ƙaramar kafa, gwargwadon yadda bakanike ya saita.

A nan ne yanayin ƙasar ke shigowa. A ɗauki safiyar hunturu a Getso mai digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, da tsakar ranar bazara mai digiri 40. In aka ƙara 273 a kan kowanne, za a sami 285 da 313. Raba 313 da 285 zai ba da kusan 1.1, ma'ana iskar hunturu ta fi ta bazara nauyi da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Kafireton da aka saita da sanyi zai ba da mai fiye da kima da zafi, kuma ba shi da hanyar sanin haka. Wannan lissafi ya dace malami ya ba 'yan aji su gwada da kansu.

Tsarin injekta yana aiki ne da awo. Akwai na'urar da ke auna matsin iska a bututun shiga, da mai auna zafinta, da mai auna zafin ruwan inji, da mai lura da yadda direba ya taka totur. A gaban inji ana ɗaura wani faifan ƙarfe mai gurbin haƙora 36, amma an cire ɗaya. Wannan giɓi shi ke sanar da kwamfuta inda fistin yake. Daga waɗannan bayanai take lissafa tsawon lokacin da injekta za ta buɗe, abin da bai wuce 'yan ɓangarori cikin dubu na daƙiƙa ba. Sa'an nan wata na'ura a bututun salansa ta shinshina hayaƙi, ta faɗi ko iskar oksijin ta yi saura, kwamfuta ta gyara. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin wannan tsari a motar Volkswagen a 1967, mai shinshinar hayaƙin kuma ta fara aiki a motocin Volvo a 1976.

Hanya mafi sauƙi ga tsohon inji ita ce a ɗora injekta a daidai mazaunin kafireto, ba sai an huda wa kowace silinda tata ba. Kwamfutar ma ba ita ce wahalar ba, domin akwai irin su MegaSquirt da Speeduino, waɗanda mai koyo zai iya saitawa da kansa. Wahalar tana wajen mai da lantarki. Tsohon famfon mai ba ya ba da ko rabin ba ɗaya na matsi, alhali yawancin injektoci na bukatar kimanin ba 3. Dole ke nan a sa famfon lantarki, da tiyo mai jure matsi, da bututun mayar da rarar mai cikin tanki. Motocin da aka ƙera kafin 1967 kuma, kan batir mai alamar tarawa ne aka haɗa da jikin mota. Sai an juya wannan, an kuma maye gurbin dinamo da altaneta, in ba haka ba kwamfutar ta ƙone.

Sai maganar datti. Ƙofofin injekta ƙanana ne ƙwarai, ƙurar hunturu ko tsatsar tanki ko man bumburutu mai ruwa na iya toshe su. Kafireto in ya toshe a hanyar Garo, bakaniken gefen titi zai kwance shi ya hure. Injekta kuwa sai an nemo kayanta, watakila daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Saboda haka ana wanke tanki tun farko, a sa matatar mai biyu, ɗaya kafin famfo ɗaya bayansa. Kafin a sayi komai ma, a fara auna matsin kowace silinda, domin injin da zobban fistinsa suka cinye zai ci gaba da hayaƙi ko da an sa masa injekta.